Kurakuran Bakatsine mai shirin gudun dogon zango a kan tsaunuka

Katsina ba ta wuce tsayin mita 500 da 'yan kai daga teku ba. Gasar Leadville ta Amurka kuwa, mai mil 100, daga sama da mita 3,000 ake tashi, inda iskar da huhu ke samu ta ragu da kusan kashi 30 cikin 100. Wannan tazarar ce ke kayar da gwanaye.

Da yawa suna sayen takunkumin atisaye su ɗaura a hanci, wai suna kwaikwayon saman dutse. Asarar kuɗi ce. Numfashi kawai yake wahalarwa, ba ya ƙara jini. Jiki ba ya sabawa sai an zauna a tudun, mako biyu ko fiye. In ba halin tafiya da wuri, ka yi zango a Mambila, mai kusan mita 1,600. Ta fi Jos tsayi, kuma ta fi zaman gida nesa ba kusa ba.

Kuskuren da ya fi damuna shi ne tafiya ba gwajin jini. A ƙasarmu masu AS, wato masu ɗauke da ƙwayar sikila a jininsu, suna da yawa, wasu ma ba su sani ba. A tsayi irin wannan, ga gajiya ga ƙishirwa, jininsu na iya toshe saifa, abin ya kai ga asibiti. Ka ga likita tukuna, ya duba maka har da ƙarancin jini, musamman in ka sha fama da zazzaɓin cizon sauro. Kada kuma ka haɗiyi Diamox, maganin ciwon hawa tsauni, da kanka, yana cikin magungunan da aka haramta wa 'yan wasa.

Sai gangara. Kowa hawa yake tsoro, alhali saukowa ce ke cinye cinyoyi. Tunda garinmu shimfiɗe yake, ka nemi matakalar bene ko duwatsun Dutsin-Ma, ka riƙa hawa da sauka da jaka a baya.

Zafin bazara ma kada ka raina shi. Gudu kaɗan-kaɗan a cikinsa, da isasshen ruwa, yana ƙara ruwan jini, kuma yana taimakawa.

Ranar gasa ka rage sauri tun daga farko. In ciwon kai ya haɗu da amai, ko tari da haki alhali kana zaune, ka sauko ƙasa nan take.