Masu kiwon kifi, ku bar itatuwan bakin rafi

Salamu alaikum 'yan uwa, musamman masu kiwon kifi a Ikorodu da Epe, jihar Legas.

Idan daga rafi kake jan ruwa, kar ka sare itatuwan bakinsa don neman fili. Kuma bakin tiyonka, ka sa shi inda inuwa ta rufe ruwan.

Ƙaramin rafi, rana ce ke dafa shi kai tsaye. Da an sare itatuwa sai ta kwanta a kansa tun hantsi har la'asar. Ruwan zafi kuwa ba ya riƙe iska sosai: a digiri 20 yana ɗaukar oksijin, wato iskar da kifi ke shaƙa, wajen miligiram 9 a lita, a digiri 30 sai ya sauko wajen 7.5. Ga shi zafin na ƙara wa kifi buƙatar iskar. Shi ya sa za ka ga karfasa sun taru a sama suna buɗe baki, abincin da ka saya da tsada yana yawo ba mai taɓawa. Tarwada ta fi juriya don tana shaƙar iska a sama, amma ƙananan 'ya'yanta na jigata.

In dole ne ka rage itatuwan, bar na yamma, su ke tare zafin rana bayan azahar. Ruwa kuma ka ja da asuba.

Inda dabarar ba ta aiki: babban kogi ko lagun (babban tafkin da ke haɗe da teku), faɗinsu ya fi ƙarfin inuwar gefe. Sannan kar ganye ya riƙa zuba cikin tafkinka, ruɓewarsa ma iska take ci. Shimfiɗa raga a sama.