Kurakuran da aka fi yi a labarin kisan gilla na gidan gona

Marubutanmu sun fara son labarin da za a tara baƙi a gidan gonar wani attajiri, ko a gefen dam ɗin Tiga ko a wajen Birnin Kudu, a wayi gari an kashe ɗaya daga ciki. Salo ne mai daɗi, shi ya sa nake jin ciwo idan aka ɓata shi.

Kuskure mafi girma a kan gawa yake. Sai a bar ta kwana uku a ɗaki, ɗan sanda na zagayawa yana aune-aune. A wane ƙauye? Wanda ya rasu da asuba, kafin azahar an kai shi makwancinsa, kuma da wuya dangi su yarda a kai shi asibitin Malam Aminu Kano a farke shi. Wannan gaggawar ce jarinka, marubuci. Mai wankan gawa kaɗai ya ga shatin igiya a wuya, kuma tarbiyyar addini ta hana shi tona abin da ya gani a jikin mamaci. Ka bar shi da wannan nauyin yana zaune a tabarmar makoki, ana ta "Allah ya jiƙan rai", wanda yake zargi na miƙo masa goro.

Sannan labari ba ya fara zuwa wurin DPO. Mai unguwa ya ji, dagaci ya ji, 'yan banga sun tattake sawu. Shari'ar kisa kuwa ba ta ƙarewa a caji ofis na ƙaramar hukuma, hedikwata ake tura ta, Bompai ko Dutse.

Me ya hana baƙin tafiya? Yawanci ba a faɗa. Ka sa labarin a watan Agusta, kogin Haɗeja ya cika ya yanke hanya, waya ba sabis.

Don Allah a ƙyale kishiya ta huta, tun shafi na goma an gano ta. Gado ya fi ta ƙarfi: wanda ya kashe ba ya gadon wanda ya kashe, don haka dole magaji ya sa mutuwar ta yi kama da ajali. Aljani ko boka ya tona asiri a babin ƙarshe kuwa, zaluntar mai karatu ne. In fiya-fiya aka zuba a fura, a nuna mana kwalbar a bakin rumbu tun babi na biyu, lokacin da ake feshin wake.