Kafin ku sayar da tsohuwar kwamfuta ku saki lasisin

Salam 'yan uwa masu harkar zanen gini, musamman ƙannenmu 'yan akitekca na ABU Samaru da ke ta sauya laftof saboda furojet. Don Allah kar ka yi fomatin ɗin tsohuwar sai ka saki lasisinka tukuna. Lumion, manhajar yin renda (fitar da hoton gini kamar na gaske), yana buƙatar intanet lokacin buɗewa da kuma lokacin rufewa, a wajen rufewar nan ne yake sakin lasisinka, to in data ta yanke ko batir ya mutu yana buɗe sai ka je sabuwar ta ce maka ana amfani da lasisin, wallahi na ga yaro a Kongo ya kwana bai yi renda ko ɗaya ba ga difens (kare furojet gaban malamai) da safe, abin ya ba ni tausayi sosai. V-Ray kuma, shi ma na renda ne, in ka ari lasisin don aiki ba intanet, shiga akawun ɗinka na Chaos, kamfanin V-Ray, a tsohuwar ka mayar da shi. SketchUp, manhajar zanen 3D, sai ka fita daga akawun ɗinka na Trimble ID kawai.

Sannan a duba katin girafik kafin a biya kuɗi, V-Ray GPU, mai renda da katin girafik, an fi saninsa da katin NVIDIA, kar mai shago ya ruɗe ka da yawan RAM. Fayil ɗin manhajar zanen gini ta Revit 2024 ba ya buɗuwa a 2023, haka Lumion ma, don haka tambayi 'yan gurup ɗinku wanne suke kai kafin ka sa sabo. Kwafe foldar teksco ɗinka (hotunan fuskar bango, katako da sauransu) a filash ma.