Matashi a Saudiyya: yadda za ka tari damuwa tun ba ta kwantar da kai ba

Yawancin abin da ke cin matasanmu a Jidda, Makka da Riyad abu ne da ake iya nunawa da yatsa: igama (takardar izinin zama) ta kusa mutuwa, kafili (mai gidan da ya tsaya maka) ya riƙe albashi, 'yan gida kuma sun ɗauka riyal a titi ake tsinta. Ɗauki takarda ka rubuta duk abin da ke hana ka barci, sannan ka ware na ofis daban, na likita daban.

Na ofis tunani ba ya maganinsa. Duba ranar ƙarewar igamarka a Absher, manhajar gwamnatin Saudiyya, ka tuna wa kafili tun da sauran wata biyu. In albashi ya maƙale, adana kwantiraginka da ke Qiwa, shafin gwamnati na kwantiragin aiki (masu aikin gida nasu na shafin Musaned), ka kira 19911, layin ma'aikatar ƙwadago. Kuɗin gida kuwa, yanke adadi ɗaya a wata, ka faɗa wa Inna da bakinka. Mai amsa kowane “ɗan taimaka” da bashi yake ƙarewa.

Barci ne inda aka fi yin sakaci. Saudiyya ta riga Kano da Zinder da awa biyu, hirar WhatsApp ta sha ɗayan dare a gida ƙarfe ɗaya ce a nan, ga Asuba, ga aiki. Mayar da kiran gida bayan Magariba, ka nemi barcin awa bakwai, gahawa da shayi kuma a ajiye su awa shida kafin kwanciya.

Idan baƙin ciki ya kai mako biyu kullum, abinci ba daɗi, abin da kake so da ya fita ranka, to ya wuce gajiya. Kira 937 na ma'aikatar lafiya, ko 920033360 na masu ba da shawara kan lafiyar ƙwaƙwalwa. Addu'a da ruƙiyya ba sa hana ganin likita. A haɗa su. Maganin ciwon damuwa kan ɗauki mako biyu zuwa shida kafin a ji sauƙi, shi ya sa da yawa ke watsar da shi da wuri. Kada ka daina shi farat ɗaya, jiri da rashin barci kan biyo baya. Ƙwayar Tramadol ko Lyrica daga hannun aboki kuwa, ga kamu, ga ɗauri.

Wanda ya fara cewa gara ya mutu, kada a bar shi shi kaɗai a ɗaki. A kwashe magunguna da wuƙa, a kira 997 na motar asibiti ko a kai shi sashen gaggawa a daren.