Wasiƙar banki ta zo gidanka da sunan baƙo: abin yi ga mazauna Ingila

Duk wanda ya kama gidan haya a Ingila, har da wasiƙun wasu yake gada. Yau a miƙa maka makulli, gobe da safe ka ji an turo ambulan ta ramin ƙofa ɗauke da sunan da ba ka taɓa ji ba. Mu da muka taso a inda adireshi shi ne "bayan masallacin Juma'a, gida mai jan ƙyaure", abin ba ya ɗaga mana hankali da farko. Amma a nan adireshi dukiya ne. Da shi ake buɗe asusun banki, a ci bashi, a yi wa mota rajista, a kafa kamfani. Shi ya sa ake satarsa.

Gidan da nake haya a Bradford tsohon gini ne da aka raba ɗaki-ɗaki, ƙofar shiga ɗaya, wasiƙun kowa kuma a bakin tagar zaure suke taruwa. Wasu sunayen, masu su sun tashi tun kafin in zo. Irin wannan tarin ne ɗan damfara yake so, don kowa na wucewa ta wurin, kuma in ɗaya ta yi ƙafa babu mai cigiya.

Kada ka buɗe, kada kuma ka zuba a shara. Dokar gidan waya ta shekarar 2000, a sashe na 84, ta ce laifi ne ka buɗe wasiƙar da ka san ba taka ba ce, ba tare da uzuri ba, da nufin cutar da mai ita. Wato in ka yage ambulan cikin sauri kafin idonka ya kai kan suna, ba ka yi laifi ba. Manne shi da salatif, ka rubuta a jiki cewa kuskure ne. Amma ban ga dalilin mayar da buɗewa ɗabi'a ba, tunda ambulan kansa yana faɗin abu da yawa ga mai dubawa.

Mai ruwan ƙasa galibi na gwamnati ne: HMRC masu haraji, DVLA masu rajistar motoci, ko DWP masu kuɗin tallafi. Na banki fari ne, kuma in kati ne a ciki sau da yawa ba a sa masa tambari ko kaɗan. Latsa shi da yatsa. In ka ji abu mai tauri daidai girman katin ATM a manne a tsakiya, sannan kwana kaɗan kafin nan ko bayan nan wani siririn ambulan ya zo da suna iri ɗaya, to kati ne da lambar sirrinsa. Juya bayansa, za ka ga adireshin mayarwa da ƙananan haruffa, yawanci lambar akwatin gidan waya da sunan gari. Sa wannan lambar a Google, sau tari nan take za ka san ko banki ne, ko kamfanin karɓar bashi, ko masu tarar fakin.

Daga nan sai ka tambayi mai gida ko dillalin da ya ba ka hayar: wane ya taɓa zama a nan? Tsohuwar da ke maƙwabtaka ma ka tambaye ta, irinsu ba abin da ke wuce su a layi. In aka ce maka ai shi ne ya tashi bara, hankalinka ya ɗan kwanta. Mafi yawan waɗannan wasiƙu na tsofaffin 'yan haya ne da suka yi kasalar sanar da bankinsu, ko suka gudu suka bar bashi. Ja layi a kan adireshin, ka bar sunan, ka rubuta da biro: "Not known at this address, return to sender". Jefa a jan akwatin Royal Mail na bakin titi, ba sai ka sa kan sarki ba. Kafin ka jefa, ɗauki hoton gaba da baya, ka rubuta kwanan wata a wani ɗan littafi. Wannan littafin shi ne shaidarka ranar da wani ya tsaya a ƙofa yana cewa ba a taɓa sanar da su ba.

Inda ya kamata ka miƙe zaune shi ne in sunan babu wanda ya san shi, kuma wasiƙun sababbi ne: ta maraba da sabon asusu, kati, kwangilar waya, bankuna biyu ko uku cikin 'yan makonni. Tsohon ɗan haya tsohon bashi ke binsa. Sabon asusu kuwa yana nufin wani ya zauna kwanan nan ya rubuta lambar gidanka a fom da gangan. Wanda ya fi wannan muni shi ne ka ga sunanka, ko sunanka da aka ɗan karkata harafi ɗaya, a kan asusun da ba ka buɗe ba. Haka in naka wasiƙun suka ɗauke ɗif, takardar banki da ka saba gani duk wata ta daina zuwa. Kira Royal Mail ka tambaya ko wani ya nemi a karkatar da wasiƙunka zuwa wani wuri.

Wanda ya sa aka aiko kati gidanka dole ya zo ɗauka, nan ne rauninsa. Zai ƙwanƙwasa cikin ladabi ya ce kuskure aka yi wajen rubuta lamba, ko shi ƙanin tsohon ɗan haya ne. Kada ka miƙa. Ce masa an riga an mayar, ya tuntuɓi bankinsa. Akwai kuma mai zuwa da rigar masu kai saƙo: sabuwar waya ta iso da sunanka ba ka yi oda ba, bayan awa ɗaya wani ya zo ya ce an yi kuskure a ba shi ya mayar. In ka ba shi, wayar ta tafi, kwangilar wata 24 ta rage a wuyanka. Riƙe kunshin, ka kira kamfanin da kanka.

Kiran kuwa, da lambar da ke shafin kamfanin na intanet za ka yi shi, ba wadda ke cikin wasiƙa ko saƙon waya ba. Nemi sashen yaƙi da zamba. Ba za su gaya maka komai game da asusun ba, kada ka ɓata lokaci kana musu, dokar kare bayanai ce ta ɗaure su. Abin da kake so shi ne su rubuta cewa wane ba ya zaune a wannan gida, su ba ka lambar shaidar kiran. Bi da imel don ya zama a rubuce. In bankinka ne abin ya shafa, buga 159, lambar da aka kafa a 2021 wadda ke haɗa ka kai tsaye da yawancin manyan bankunan ƙasar.

Sai kundin bashinka, wato tarihin bashin da ka ci da yadda kake biya. Kamfanoni uku ne ke riƙe da shi, Experian da Equifax da TransUnion, kuma doka ta ba ka damar ganin naka kyauta a kowannensu. Duba duka ukun, don ba kowane mai ba da bashi ke kai rahoto ga duka ba. Abu uku za ka nema: asusun da ba ka sani ba, binciken neman bashi da ba kai ka yi ba, da sunan wani ko adireshin da aka liƙa maka. In ka ga ɗaya, kai ƙorafi ga kamfanin nan take, ka kuma kai rahoto cibiyar 'yan sanda ta karɓar rahoton zamba, wadda aka daɗe ana kira Action Fraud, a 0300 123 2040. Mazauna Scotland 101 za su buga. In ka tabbata bayananka sun fita, Cifas, ƙungiyar yaƙi da zamba, na sa wa sunanka alamar kariya ta shekara biyu a kan fam 30, ta yadda duk mai neman bashi da sunanka sai an tsananta masa bincike. Kai ma za ta jinkirta maka naka neman, amma a ganina ta ci kuɗinta.

Akwai maganar da ke yawo a cikinmu cewa in mai bashi ya zauna a gida, an yi wa gidan baƙin fenti, duk wanda ya shigo ba zai samu bashi ba. Ba haka ba ne. Kundin bashi mutum yake bi, ba gini ba. Bashin wani ba ya shafarka sai in kun haɗa asusu ko kun ci bashi tare. Ka ga ke nan ba ka da dalilin biyan ko sisi don "a wanke adireshi", duk wanda ya nemi haka shi ma ɗan damfara ne.

Abin da ke iya samunka da gaske shi ne masu zuwa ƙofa, kuma iri biyu ne. Ma'aikacin kamfanin karɓar bashi ba shi da ikon shiga gidanka ko taɓa kayanka. Ka ce ya tafi, dole ya tafi. Ƙa'idar FCA, hukumar da ke sa ido kan bankuna da kamfanonin bashi, ma ta hana kamfani matsa wa wanda yake da dalilin zaton ba shi ne mai bashin ba, kuma in ka kai ƙorafi aka yi mako takwas ba a warware ba, kana iya wucewa ofishin Financial Ombudsman, mai raba gardama tsakanin mutane da kamfanonin kuɗi, kyauta. Jami'in da ke zartar da hukuncin kotu shi ne mai haƙori. A Ingila da Wales ba ya zuwa tsakanin ƙarfe 9 na dare da 6 na safe, ba ya shiga in yara 'yan ƙasa da 16 ne kaɗai a gida, kuma a yawancin basussuka ba ya fasa ƙofa. Amma in ya same ta a buɗe yana iya shigowa, mota kuma a waje take. Saboda haka kulle ƙofa, ku yi magana ta taga. Nuna masa yarjejeniyar haya, takardar harajin kansul mai sunanka, da katin shaida. Takardar mallakar motarka ta kasance kusa. A gaya wa uwargida da yara wannan tun kafin ranar, don mu tarbiyyarmu ita ce a ce wa baƙo "bismillah, shigo", kuma da zarar ya sa ƙafa ciki da izini, lissafi ya canza.

In sunan kamfani ne a kan ambulan ba na mutum ba, shiga shafin Companies House, ofishin rajistar kamfanoni, ka nemi lambar gidanka, kyauta ne. A ƙarshen 2022 wani mai gida a Cardiff ya wayi gari ambulan ruwan ƙasa na HMRC na kwarara masa ɗaruruwa, daga baya aka gano kamfanoni kusan 11,000, yawancinsu na ƙasar Sin, sun yi rajistar harajin VAT da adireshinsa. Naka da wuya ya kai haka, amma kamfani ɗaya ma ya isa ya jawo masu bin bashi. Fom mai lamba RP07 ake cikewa don a cire adireshinka daga kamfanin da ba ka sani ba. In tarar mota ce ke zuwa, rubuta wa DVLA a Swansea cewa motar da mai ita ba a gidanka suke ba, ka sa lambar motar in ka gan ta. Kansul ma ka sanar da su su cire baƙon suna daga rajistar masu zaɓe, musamman in kana cin rangwamen kashi 25 na harajin kansul da ake yi wa mai zama shi kaɗai, don suna binciken ko akwai wani babba a gidan, kuma baƙon suna na iya sa a yanke maka shi.

Saura wadda ta fi wuyar faɗa. Yawancin matsalar adireshi da na gani a tsakanin mutanenmu ba baƙo ne ya kawo ta ba, aro aka bayar. Yaro ya sauka daga jirgi, bai samu ɗaki ba, ya ce "Yaya, ara mini adireshinka in buɗe akawun." In da gaske a falonka yake kwana, babu laifi, nan ne gidansa a lokacin; sharaɗin kawai shi ne ranar da ya tashi ya canza. Amma wanda ke zaune a Landan ko Birmingham yana son lambar gidanka don inshorar mota ta yi masa sauƙi, wannan ƙarya ce ga kamfanin inshora, in aka yi haɗari suna iya soke inshorar, kuma duk takardun tara da na kotu gidanka za su zo. Wanda kuma ya ce "abokina ne zai karɓi kati a nan, ka ajiye masa", ba ka san abin da za a wuce da shi ta asusun ba. Wanke kuɗin haram hukuncinsa na kai wa shekara 14 a kurkuku, alamar zamba ta Cifas kuma tana iya zama a kan sunan mutum har shekara shida, ya rasa ko asusun karɓar albashi. Ga mai biza, hukuncin kotu na iya bin sa har ranar neman sabuntawa.

Ni abin da nake cewa shi ne, "Ƙanina, yarjejeniyar hayata ba ta yarda ba, amma zo in raka ka." Ɗalibi jami'arsa na ba shi takardar gabatarwa ga banki, ma'aikaci kuma wurin aikinsa na iya rubuta masa. In kuwa ka riga ka ba da aron, kira shi yau ku sa rana: daga ranar, duk wasiƙar da ta zo da sunansa mayar da ita za ka yi, kuma za ka sanar da masu aikowa.

Kai ma in za ka tashi, biya Royal Mail su riƙa bin ka da wasiƙunka zuwa sabon gida, suna yi na wata uku, shida ko goma sha biyu. Ɗauki na shida aƙalla, don akwai takardun da ba sa zuwa duk wata, kuma a cikin makon farko ka canza adireshi a banki, DVLA, HMRC, asibitin unguwa, wurin aiki da asusun bizarka na intanet.