Yadda ake soya kaza irin ta 'yan daudu

Duk wanda ya taɓa cin kazar 'yan daudu a tasha ko gidan biki ya san hannunsu daban ne wallahi. Wani mai saida abinci a bakin tasha a Kano ne ya koya min, yana yi yana zolayata, wai "ƙawata, kaza sai da lallashi kamar amarya."

Da farko ki samu kazar Hausa, ki yanka gunduwa-gunduwa ki wanke da lemun tsami ƙarnin ya fita.

Sai ki daka citta da tafarnuwa da masoro da ɗan kanumfari, ki zuba a tukunya da albasa da gishiri da magi, ki sa kazar amma kar ki zuba ruwa tukuna, ki barta a wuta kaɗan-kaɗan ta fitar da ruwan jikinta, nan fa sirrin yake don yajin har ƙashi yake shiga, in kika yi gaggawa kin wanke daɗin kenan. Bayan minti 10 ki ƙara ruwa kofi biyu ta dahu.

Tsame ta ta tsane sosai. Man gyaɗa ya yi zafi, ki soya har ta yi ja, da zafinta ki barbaɗa yajin ƙuli. Romon kuma ki dafa shinkafa da shi.

Wajen kai wa baƙi yace ki gyara ɗaurin ɗankwali, ki jera tumatir da albasa a gefen faranti, cinya kuma gaban babbar baƙuwa zaki ajiye.