Ka jona wa mashin batirin mota wuta ta ɗauke? Kurakuran da ake tafkawa wajen gano abin da ya ƙone

Yawancin masu babur ɗin da wannan abu ya faru da su ba jonawar ce take cin kuɗinsu ba, abin da ke biyo baya ne. Mashin ya ƙi tashi, an ɗauko wayar jonawa an haɗa da batirin mota, tartsatsi ya tashi ko an ji warin roba, shikenan komai ya mutu, daga nan sai a hau sayen kaya da ka: yau CDI (ɗan akwatin da ke sarrafa tartsatsin fulogi), gobe koyil, jibi sabon batir, alhali sau tari fiyus ne kawai ya tsinke.

Kuskuren farko shi ne ƙin faɗa wa mai gyara gaskiyar yadda aka yi. Batirin mota 12V ne, na babur ma 12V ne, don haka in an jona daidai, motar tana kashe, babu abin da ya kamata ya ƙone, babur yana jan iya wutar da yake buƙata ne kawai duk girman batirin. Ɓarna tana zuwa ne ta hanyoyi sanannu: an juya waya, ja ta tafi wajen baƙa ko da na daƙiƙa ɗaya ne, ko an bar injin motar yana aiki har ana taka masa totur, ko an jona da babbar mota irin tirela da tifa waɗanda wutarsu 24V ce, ko kuma mashin ɗin tsoho ne mai 6V irin tsofaffin Honda. Kowanne da inda yake bugawa. Toh in ka je wajen rewaya ka ce "haka kawai ya mutu" don kunya, ka sa shi lalube a duhu, kuma aljihunka ne zai biya.

Na biyu, tsallake fiyus. In ka murɗa makulli babu fitilar nutural, babu hon, babu sigina, ka fara daga nan. A ƙananan mashina yana cikin wani ɗan kwanso kusa da batir a kan jar waya, yawanci 10A ko 15A, a manyan babura kuwa babban fiyus ɗin 30A ne kuma galibi a jikin rilen sitata (makunnin da ke sakar wa sitata wuta) yake ɓoye, shi ya sa mutum zai duba akwatin fiyus ya ga duk lafiya ya ce ba daga nan ba ne. Kuma kar ka yarda da ido, wani yana tsinkewa ta gefe inda ba a gani, sa mitar awon wuta ka gwada.

Sai babban abin haushin, wato naɗa silin waya ko takardar kwalin sigari a madadin fiyus. Wallahi wannan ɗabi'a ta ƙona wayarin ɗin babura ba adadi. In ka sa sabon fiyus ya sake tsinkewa nan take, magana yake maka, akwai inda wuta take haɗewa. Zare soket ɗin rektifaya, wato abin da ke daidaita wutar cajin batir, ka sa wani fiyus ɗin, in ya zauna lafiya to ka kama ɓarawon, rektifaya ce ta ƙone ta ciki, don ita ce ta fi saurin mutuwa idan aka juya waya. In har yanzu yana tsinkewa sai ka bi sauran soket ɗin ɗaya bayan ɗaya kana cirewa.

Wani kuskuren kuma mantawa da dalilin da ya sa aka yi jonawar tun farko. Batirin ai da ma ba shi da lafiya. Ka auna shi makulli a kashe bayan ya ɗan huta: 12.6V zuwa 12.8V cikakke ne, in ya yi ƙasa da 12 ya sauka sosai, in ka ga wajen 10.5 to mai yiwuwa ɗaki ɗaya a cikinsa ya mutu. Amma wannan awon kaɗai yana ruɗi, akwai batirin da zai nuna maka 12.5 kana danna sitata ya zube zuwa 6 ko 7, rile yana ta ƙas ƙas ƙas mutane suna cewa sitata ta ƙone. Bar mitar a jiki ka danna, lafiyayye bai kamata ya faɗi ƙasa da wajen 9.6 ba. In kuwa ya kumbura ko yana warin ruɓaɓɓen ƙwai, cire shi kawai.

Inda ake asarar kuɗi sau biyu shi ne a sa sabon batir, mashin ya tashi, a yi murna a kama hanya ba a auna caji ba. Tada injin, ɗora mita a kan batir, ka ɗan ja totur ya kai matsakaici. Abin da ake so 13.5 zuwa 14.8 ko kusa da haka. In ya tsaya a 12 da ɗoriya ba ya motsi, ba ya caji, kwana kaɗan za ka dawo inda ka fito. In ya haura 15 yana ta hawa kamar ba zai tsaya ba, kashe injin nan take, rektifayar ta daina rage wuta, za ta dafa sabon batirin ta bi ƙwan fitila tana fasawa, a babur mai injekta (wanda ba ya amfani da kabureta) ma tana iya taɓa kwamfutar injin wadda ta fi komai tsada a wayarin ɗin. Kuma don Allah a daina cire kan batir injin na aiki wai don a ga ko yana caji, batirin ne yake shanye hawa da saukar wuta, kana cire shi ka sake ta a kan sauran kayan.

Maganar CDI kuwa, ita aka fi ɗora wa laifin da ba nata ba. Iri biyu ce: akwai mai cin wuta daga magneto (abin da ke samar da wuta in injin yana juyawa) kai tsaye, wannan ba ruwanta da batir, ko fiyus a tsinke in ka buga kik mashin zai tashi, kuma da wuya jonawa ta taɓa ta. Akwai mai cin wutar batir, ita ce juya waya ke iya kashewa, amma kafin ka yanke mata hukunci ka tabbatar 12V yana isowa soket ɗinta in an buɗe makulli, in ba ya zuwa ai ba laifinta ba ne. Cire fulogi ka jingina shi a jikin injin yana haɗe da wayarsa, ka buga kik ka ga ko akwai tartsatsi, ka duba makashin da ke hannu da na jak ɗin gefe in babur ɗinka yana da shi. In da hali ka ari CDI irin taka sak a gwada kafin ka saya. Mai injekta kuma ya kasa kunne, yana buɗe makulli ya kamata ya ji famfon mai ya yi zuuu na ɗan lokaci, in shiru ne a fara da fiyus da rilen famfon kafin a ambaci kwamfuta.

A kula da kalar waya, nan ma ana ƙara ɓarna wajen gwaji. A Honda da yawancin mashinan Caina da suka kwaikwayi tsarinta, koriyar waya ce ta bodi (wato ta −, wadda ke haɗe da ƙarfen mashin), baƙar kuwa wuta ce mai fitowa bayan makulli, a Suzuki kuma baƙa mai farin layi ce ta bodi. Wanda ya saba da mota ya ɗauka duk baƙar waya ta bodi ce sai ya manna ta a ƙarfe, wani fiyus ɗin ya tafi.

In dole ta sa za ka sake jonawa, kashe motar ka zare makullinta, ja a kan + na babur sannan + na mota, baƙa a kan − na mota, ɗaya bakin nata shi ne na ƙarshe, ka maƙala shi a jikin injin babur nesa da batir da tiyon mai. Danna sitata daƙiƙa 5 ka saki ta huta, batirin mota ba ya gajiya da wuri, sitatar ce za ta yi zafi ta ƙone kana nan kana dannawa. Yana tashi ka cire wayoyin, ka fara da wadda ka sa a ƙarshe.